Daga Masaukin Daji Zuwa Makarantar Ƙauye

Duk wanda ya taɓa duba takardun talla da kamfanonin yawon buɗe ido na Turai da Amurka su ke bugawa game da Afirka, zai tarar tsarin tafiyar kusan iri ɗaya ne. Baƙo ya sauka Nairobi ko Arusha, a ɗauke shi cikin mota ko ƙaramin jirgin sama zuwa wani masauki a tsakiyar daji. Da asuba a tashe shi, a ba shi shayi, a fita da shi cikin buɗaɗɗiyar mota neman zaki da giwa tun rana ba ta yi zafi ba. Da hantsi ya komo ya karya kumallo ya huta, da la'asar kuma a sake fita. To, wajen kwana na uku ko na huɗu a kan ga wani ɗan layi a takardar, watau ziyarar makarantar ƙauyen da ke maƙwabtaka da masaukin. Sa'a ɗaya ko biyu a ke ba ta. Yara su fito su yi sahu, su rera waƙa, baƙo ya raba fensir da alewa, ya ɗauki hoto, ya koma masauki tun abincin rana bai huce ba.

Wannan ɗan layi, ƙanƙantarsa ta sa ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa babbar maganar gandun daji duka a nan ta ke kwance. Gama dajin da baƙo ya ke kallon giwa a ciki, makiyayar wani ce a da, ko gonarsa, ko wurin farautarsa da itacen girkinsa. Yaran da ke rera waƙar kuwa jikokin mutumin nan ne. Sa'a guda ɗin nan ita kaɗai ce mai biyan kuɗin daji da mai asarar daji su ke duban juna ido da ido.

Kalmar safari da Turawa su ke amfani da ita, daga Suwahili su ka aro ta, Suwahili kuma daga Larabci, inda safar ke nufin tafiya. Hausa ma ta sha daga wannan rijiya, don daga nan ne aka sami safara ta fatake. Da fari, safari tafiyar farauta ce. Cikin 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka Mombasa da ayari mai ɗaruruwan 'yan dako, kafin ya fita ta Sudan cikin 1910 shi da mutanensa sun tara dabbobi manya da ƙanana wajen 11,000 domin gidan adana kayan tarihi na Washington. Sannu a hankali kyamara ta karɓi wurin bindiga. An buɗe gandun dajin Nairobi cikin 1946. A wani masauki da aka gina bisa itace a Kenya, mai suna Treetops, Gimbiya Elizabeth ta kwana cikin Fabrairu 1952 a daren da mahaifinta ya rasu a Ingila, abin da ya sa sunan masaukin ya zaga duniya. Cikin 1977 Kenya ta haramta farautar manyan namun daji gaba ɗaya. Amma abin da ba a cika sa shi cikin takardun talla ba shi ne, cikin 1959 an tashi Masai makiyaya daga filayen Serengeti na ƙasar Tanganyika aka mai da su wajen Ngorongoro, domin a bar wa namun daji filin. Irin wannan ta faru a wurare da dama, kuma ba a manta ba.

Ba sai an je Gabashin Afirka za a ga wannan al'amari ba. A ƙasar Bauchi akwai Yankari, daji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200 a yankin Alkaleri, wanda ya shafi gundumomin Duguri da Pali da Gwana. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe shi cikin 1956, aka buɗe shi ga masu kallo ran 1 ga Disamba 1962. Ya koma hannun gwamnatin tarayya cikin 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi cikin 2006. Mai zuwa ya kan bi hanyar Bauchi zuwa Gombe, ya ratse a Dindima, ya isa babbar ƙofa a ƙauyen Mainamaji, daga nan kuma sai ya yi tafiyar kilomita 40 da wani abu cikin daji kafin ya kai sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana su ke. A ƙarƙashin sansanin ne maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta ke fitowa daga gindin dutse, garau kamar idon zakara, ɗuminta bai cika gota digiri 31 ba, dare da rana, rani da damina. Da rani, sa'ad da tafkuna su ka ƙafe, namun daji su kan taru a bakin kogin Gaji: ɓauna da gwanki da gwambaza da kanki, ga dorina da kada cikin ruwa, ga kuma giwa, wadda garkenta na Yankari ya na cikin mafi girma da su ka rage a Nijeriya. Birai da mugun dawa kuwa sun saba da mutane har sun raina su, su na yawo tsakanin ɗakuna, baƙon da ya bar tagarsa a buɗe ya kan ba da labari.

Wannan shi ne Yankarin baƙo. Yankarin manomi dabam ne. Giwa babba ta kan ci abin da ya kai kilo 150 a rana, kuma ba ta san iyakar da aka zana a taswira ba. Idan dawa da masara su ka nuna, garke guda zai iya shiga gona da tsakar dare, kafin gari ya waye abincin shekara ya zama kara. Mai gonar ba shi da ikon harbi. Ba shi da ikon shiga dajin da shanunsa idan ciyawa ta ƙare a waje, ko ya sari itace, ko ya kama kifi a Gaji. An hana shi amfanin dajin, an bar masa ɓarnarsa. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan maharbi mai neman haure ya kwana a ƙauyensu, da wuya ya tashi da sassafe ya kai rahoto. Tun daga 2014, sa'ad da ƙungiyar kiyaye namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauchi, an ƙarfafa sintiri, an kuma ɗauki waɗansu mutanen ƙauyukan aikin sa ido ga giwaye da yin gargaɗi idan sun doshi gonaki, kisan giwa ya ragu ƙwarai. Darasin da ma'aikatan daji su ka koya a nan shi ne wanda aka koya ko'ina: bindigar mai gadi ba ta isa ita kaɗai, sai maƙwabci ya ga cewa rayuwar giwa ta fi masa mutuwarta riba.

Daga nan ne ziyarar makaranta ta samo asali. Masu masaukai sun gane cewa su na bukatar zaman lafiya da maƙwabta, sun kuma lura cewa baƙo mai kuɗi, idan ya ga yara zaune a ƙasa ƙarƙashin itace su na karatu, hannunsa ya kan saki. Ba za a ce abin bai yi amfani ba. Akwai ajujuwa da rijiyoyi da ɗakunan kwanan 'yan mata masu yawa a Kenya da Tanzaniya da Zambiya waɗanda tushensu irin wannan ziyara ce. Amma sai a duba abin daga wajen allo. Malami ya na tsakiyar darasin lissafi, sai ga ƙarar mota. A ajiye alli, a fito fili. Idan masauki ya na cika da baƙi, wannan zai iya faruwa sau biyu ko uku a mako har ƙarshen lokacin baƙi, yaran su ƙware a waƙar maraba fiye da yadda su ka ƙware a jadawalin sau. Kyautar da a ke rabawa hannu da hannu ba ta kai wa kowa, mai ƙarfi da mai baki su ne ke samu, ƙaramin da ke baya ya koma gida ya na kuka. Kwalin fensir da aka ɗauko daga London ya hana mai kanti na ƙauyen cinikin da zai yi. Yaron da ya ga alewa na fitowa ta tagar mota, wata rana zai gwammace zaman bakin hanya da zaman aji. Ga kuma hoto: baƙon da ba zai yarda wani bare ya shiga makarantar 'ya'yansa a garinsu ya ɗauki hotunansu ya watsa a Facebook ba, shi ne ya ke yin haka ga 'ya'yan wasu ba tare da ya tambayi iyayensu ba. Mafi muni kuma, makarantar da talaucinta ne ya ke jawo kyauta, mai kai baƙi ba shi da gaggawar ganin talaucin ya ƙare.

Hausawa su kan ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Tambayar ita ce yadda za a yi raɓa ta bar abin da zai wuce hantsi. Abubuwa uku ne su ka haɗu cikin wannan matsala: ƙasa wadda aka hana taɓa dabbobinta, baƙo mai zuwa ya wuce, da mazaunin da ya ke nan kullum. Akwai gari guda a duniya wanda ya yi shekara fiye da 1,400 ya na riƙe da waɗannan uku tare, kuma masu sauraro da yawa sun taka shi da ƙafarsu. Garin nan Makka ne. Babu mai hankalin da zai daidaita aikin hajji da yawon shaƙatawa, mahajjaci ibada ta kai shi. Amma ta fuskar zaman tare tsakanin dabba da baƙo da ɗan gari, Makka ta riga masu gandun daji na zamani tunani da ƙarnuka masu yawa.

Alhajin da ya taɓa ratsa garken tantabarun harabar Masallaci, su na tafiya tsakanin ƙafafun mutane ba ko gezau, ya ga hukuncin Harami da idonsa. Haramin Makka yanki ne mai iyakoki sanannu, da alamu a kan kowace hanya: Tan'im ta wajen arewa, inda a ke zuwa ɗaukar haramar umra, da wajen Hudaibiyya a hanyar Jidda, da wajen Ji'irana. Filin Arfa ya na wajen iyakar, Mina da Muzdalifa su na ciki. A shekarar da aka ci Makka, watau ta 8 bayan Hijira, daidai da 630, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa ba a korar naman dajinta, ba a sarar itacenta, ba a cire ciyawarta. A lura, ba kisa kaɗai aka hana ba, har firgitarwa. Direbobin da ke zagaye damisa da motoci goma don baƙi su sami hoto, wannan hukunci da ya hau kansu. Wanda kuma ya yi harama, farauta ta haramta gare shi ko ina ya ke, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, kuma idan ya kashe sai ya biya da kwatankwacin abin da ya kashe daga dabbobin gida, bisa hukuncin adalai biyu, ko ya ciyar da miskinai, ko ya yi azumi. Ɗalibin da ya karanta Muhtasar na Halil a zauren malaminsa a Kano ko Zariya ya san lissafin: jimina raƙumi ce, jakin dawa saniya, tantabarar Makka guda ɗaya tunkiya. Har giwa malaman Malikiyya ba su bari ba, sun yanka mata raƙumi mai tozo biyu, ko da ya ke giwar da tarihi ya san ta doshi Makka, watau ta rundunar Abraha, ba ta ƙarasa ba.

Abin da ya fi dacewa da wannan magana shi ne yadda hukuncin bai manta da mazauna ba. Nan take da aka hana cire ciyawa, Abbas ya roƙi a ware izhir, wata ciyawa mai ƙamshi da mutanen Makka su ke bukata don gidajensu da maƙeransu, aka kuwa ware ta. An halatta kashe dabbobi masu cutarwa ko a cikin Harami, irin su kunama da ɓera da kare mai cizo. Dabbar da mai laifi ya biya kuma, namanta na miskinai ne. Watau tun daga tushe an haɗa kiyaye dabba da haƙƙin talakan da ke zaune kusa da ita.

Haka kuma al'amarin hima, watau makiyayar da hukuma ta keɓe. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya keɓe Rabaza domin dabbobin baitulmali, kuma Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo umarnin da ya ba mai gadin hima, wani bawansa da a ke kira Hunayyu. Ya ce masa ya sassauta wa mutane, ya bar mai ɗan ƙaramin garke ya shiga, ya tare garkunan attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu sun mutu su na da gonakin dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka sai dai ya zo wa Halifa da 'ya'yansa ya na kuka. Umar ya kuma yarda a fili cewa mutanen wurin su na ganin an zalunce su, tun da ƙasarsu ce tun kafin Musulunci, kuma ba don larurar jama'a ba da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba. Da wuya a sami shugaban gandun daji na zamanin nan da ya faɗi gaskiyar al'amarin ƙarara kamar haka.

Ita kanta Sa'udiyya ta zamani ta gwada ɗaya hanyar, ta shingen waya. Motoci da bindigogi sun share namun hamadar Larabawa cikin ƙarni na 20: jiminar Larabawa ta ƙare ƙaf, maririn Larabawa kuma an kashe na ƙarshe da ke yawo a daji cikin 1972 a Oman. Cikin 1986 aka kafa cibiyar binciken namun daji kusa da Ɗa'ifa, garin da ke bisa duwatsu gabas da Makka, aka shiga kiwon mariri da tuji. Sa'an nan aka keɓe Mahazat as-Sayd a lardin Makka, arewa maso gabas da Ɗa'ifa, fili wanda girmansa ya yi kusan daidai da na Yankari, aka zagaye shi duka da waya cikin 1989, aka fara sakin mariri cikin 1990. Daga baya aka kawo barewa, da jimina mai jan wuya irin ta Sudan da ƙasar Hausa, ta maye gurbin wadda ta ƙare. Da aka hana raƙuma da awaki shiga, ciyawa ta dawo, dabbobi su ka hayayyafa, kuma wannan aiki na cikin abin da ya sa cikin 2011 aka fitar da maririn Larabawa daga sahun dabbobin da ke bakin ƙarewa. Amma da fari ya zo a shekarun da ke tsakanin 1999 da 2008, dabbobin da ɗabi'arsu ita ce bin ruwan sama duk inda ya sauka su ka tarar da waya a gabansu, mariri ɗaruruwa da barewa dubbai su ka mutu. Shinge ya na maganin maƙwabci, amma ƙasa mai arzikin mai ce kaɗai za ta iya ɗaukar nauyinsa, kuma ko ita bai fisshe ta duka ba. Bauchi ba za ta iya zagaye Yankari da waya mai tare giwa ba. Dole ta zauna da maƙwabtanta.

Saura maganar baƙo da makaranta, kuma a nan ma Makka ta na da labari. Wajen 1873 wata attajira daga Kalkata ta ƙasar Indiya, mai suna Saulatun Nisa, ta zo aikin hajji da niyyar ta bar wani abin alheri. Abin da ta fara tunani shi ne ribaɗi, watau masaukin mahajjata. A lokacin akwai wani malami ɗan Indiya a Makka, Shaihu Rahmatullahi Kairanawi, mawallafin Izharul Haƙƙ, wanda ya baro ƙasarsu bayan tawayen 1857 da aka yi wa Ingilishi, ya na koyarwa a Masallacin Harami. Shi ne ya nuna mata cewa masaukai sun yi yawa a Makka, abin da babu shi ne makaranta mai tsari, mai aji da manhaja. Ta ji shawararsa. Aka sayi fili a Haratul Bab, aka yi gini, aka sa wa makarantar suna Saulatiyya don tunawa da ita. Matar ta koma ƙasarsu. Shaihun ya rasu cikin 1891. Mulkin Turkawa ya wuce, na Sharifai ya wuce, na gidan Sa'ud ya zo, makarantar ta na nan ta na yaye ɗalibai daga Hijaz da Indiya da Jawa da sauran ƙasashen Musulmi. Ɗaya daga cikinsu, Zainuddin Abdul Majid, ya koma tsibirin Lombok na Indunusiya ya kafa ƙungiyar Nahdatul Waɗan mai makarantu masu yawa. Da faɗaɗa Masallaci ya cinye tsohuwar unguwar, sai aka mai da makarantar wata unguwa, ba a rufe ta ba.

Baƙuwa ce. Bambancinta da mai raba alewa shi ne ta tambayi wanda ya san garin abin da garin ya ke bukata, ta bar niyyarta ta farko da aka gaya mata gaskiya, ta sa dukiyarta cikin abin da ba ya ƙarewa da tafiyarta, sa'an nan ta bar riƙonsa a hannun mazauna. Wannan shi ne wakafi, kuma Makka cike ta ke da irinsa tun daga magudanar ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka gina har Arfa da Makka.

Akwai kuma makarantun Falah, waɗanda labarinsu ya fi kama da halin da masaukan daji su ke ciki. Wani attajirin Jidda mai fataucin lu'ulu'u, Muhammad Ali Zainal, ya kafa ta farko a Jidda cikin 1905, 'yan shekaru kaɗan bayan haka ya buɗe ta Makka, ya na ɗaukar nauyinsu daga ribar kasuwancinsa. Sai Japan ta fito da lu'ulu'un kiwo, kasuwar duniya kuma ta faɗi wajen 1930, dukiyar attajirin ta karye, makarantun su ka shiga wahala. Cikin abubuwan da su ka cece su har da wani ɗan haraji da aka sani da kirshin Falah, watau kirshi guda a kan kowane ƙunshin kaya da ya sauka tashar jirgin ruwan Jidda. Kuɗi ne ƙanƙane wanda ɗan kasuwa ba ya jin zafinsa, amma ya na shigowa kullum, ba ya jiran tausayin kowa.

Ƙasashen Afirka da su ka fi cin nasara a wannan fanni, hanyar kirshin nan su ka bi, ko sun san labarinsa ko ba su sani ba. Uganda ta sa a dokarta cewa kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandun daji na jama'ar da ke kewaye ne. Ruwanda, inda takardar izinin kallon manyan biran dutse da a ke kira gorila ta kai dala 1,500 cikin 2017, ta fara ba maƙwabta kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga tun 2005, ta ɗaga zuwa kashi 10 cikin 2017, kuma ajujuwa da dakunan shan magani na cikin abin da a ke ginawa da shi. Namibiya ta yi doka cikin 1996 wadda ta ba jama'ar karkara ikon kafa ƙungiya su mallaki amfanin namun dajin ƙasarsu, su yi ciniki da masu masaukai da kansu. A gefen Masai Mara na Kenya kuwa, masu filaye su kan haɗa filayensu su ba masaukai haya, a biya kowa wata wata ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Naboisho, wadda aka kafa cikin 2010, ta haɗa masu filaye wajen 500. Uban da ya karɓi kuɗin haya ya biya wa ɗansa makaranta da hannunsa, ba ya bukatar ɗan ya rera wa kowa waƙa. Tsarin ba shi da tsarki daga aibi, ana kukan cewa kuɗin ya kan maƙale a hannun shugabanni, kuma wanda ba shi da fili, musamman mata, ba ya samun kome. Amma haƙƙi ne da za a iya kai ƙara a kansa, kyauta kuwa ba a kai ƙararta.

Shekarar 2020 ta gwada kowa. Annobar korona ta rufe filayen jirgin sama, masaukai su ka zama kufai, har Makka kanta hajjin shekarar mutane ƙalilan ne mazauna ƙasar su ka yi shi. A Mara sai da aka zauna da masu filaye aka rage kuɗin haya don kada tsarin ya rushe. Makarantun da abincin ɗalibansu ya dogara ga baƙon mako mako, tukunyarsu ta sauka a take. A Jamhuriyar Nijar abin ya zo da baƙin ciki biyu. Yankin Kure, kilomita wajen 60 daga Yamai, shi ne mazaunin raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma, kuma ba gandu ba ne mai shinge, cikin gonakin mutane su ke yawo, su na cin waken manoma da mangwaronsu. Cikin 1996 saura 49 kacal. Da aka haɗa tsaro da taimakon ƙauyuka, ta hanyar rijiyoyi da ƙananan rance da aikin ja-gora ga samarin wurin, sai su ka haura 600, har cikin 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga su ka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2 a wurin, ɗaya daga cikinsu shugaban masu ja-gorar baƙi ne. Baƙi su ka ɗauke ƙafa. Raƙuman dawa ba su fasa cin wake ba.

Saboda haka masaukan da su ka san abin da su ke yi sun sake tsarin ziyarar. A kan nemi yardar hedimasta da iyaye tukuna, a sa lokacin bayan an tashi daga aji ko lokacin wasa, a hana ɗaukar hoton yaro sai da izini, abin da baƙo ya kawo kuma a miƙa shi ga hukumar makaranta bisa abin da ita ta ce ta na bukata, wanda sau da yawa ba fensir ba ne, albashin ƙarin malami ne ko makewayi na 'yan mata. Waɗansu kuma sun juya ziyarar gaba ɗaya. Tun 1968 aka kafa ƙungiyoyin namun daji a makarantun Kenya don a riƙa kai ɗalibai su ga dajin ƙasarsu, kuma cikin 2005 aka buɗe makarantar Koiyaki a yankin Mara domin koya wa 'ya'yan Masai aikin ja-gora, su zama su ne ke riƙe da sitiyari su na yi wa baƙo bayani.

Yankari ta na da wata dama da Mara ba ta da ita, domin yawancin baƙinta 'yan ƙasa ne, kuma motocin ɗalibai daga Bauchi da Jos da Kano ba su yanke ba. Ɗan sakandaren birni ya yi wanka a Wikki, ya ga gwanki, ya koma ya rubuta insha'i. Yaron ƙauyukan Duguri kuwa, wanda ya ke jin kukan giwa daga ɗakin uwarsa, mai yiwuwa ne bai taɓa ganinta da rana tsaka ba, sai dai sawunta a gona da safe. Daga ƙofar Mainamaji zuwa Wikki tafiyar kamar sa'a guda ce a mota, kuma motocin kallo sun fi samun hutu da damina, sa'ad da baƙi su ke ƙaranci. Sai dai a lokacin ciyawa ta yi tsawo, ruwa ya samu ko'ina, giwar ma ta bar bakin Gaji, ta fara shinshinar gonakin iyayensu.